Daga Yaye Zuwa Allo: Lacca Kan Renon Ƙanana Biyu a Gida Ɗaya

 

 Na san da yawa daga cikin matan da ke nan sai da suka nemi wanda za su bar wa yara kafin su fito, wasu kuma ga su da nasu a cinya. Ina roƙon alfarma: idan yaro ya yi kuka, kada uwarsa ta tashi ta fita. Maganarsa muka zo yi.

Batun da aka ɗora mini shi ne zaman yau da kullum a gidan da ake renon ƙanana biyu, saƙo da saƙo. Ɗaya bai daɗe da sauka daga baya ba, shekararsa biyu ko kusa da haka, yana tatata, duk abin da hannunsa ya kai sai ya kai shi baki. Ɗayan ya shekara huɗu, bakinsa ya buɗe, tambaya ba ta ƙare masa, amma bai zama ɗan makaranta sosai ba tukuna.

Al'adarmu ta yi wa jariri tanadi mai kyau. Ranar bakwai a raɗa masa suna, uwarsa ta yi wankan jego, a dama mata kunun kanwa, dangi su yi ta zarya har a yi arba'in, shi kuma yana manne a baya da zani da majanyi, inda uwa ta sa ƙafa nan yake. Ta kuma yi wa ɗan shekara shida ko bakwai tanadi: ga allo, ga malam, ga aike, ga umarnin salla. To, tsakanin ranar yaye da ranar allo fa, wa ke da yaron? A da amsar ita ce gida gaba ɗaya. Baba ta Karo, wadda ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi a 1954, ta bayyana yadda ake kai yaro wurin kaka ko wata 'yar'uwa idan yaye ya zo, wani lokacin ma ya zarce riƙo. Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a unguwannin cikin birnin Kano a shekarun 1970, ta ga yadda yara ke yawo rukuni-rukuni daga wannan gida zuwa wancan, manya na jan ƙanana, kowace tsakar gida da idon da ke kansu. Akwai kaka, akwai gwaggo, akwai abokiyar zaman uwa, akwai matar wa da matar ƙane.

Yau ku dubi inda sababbin ma'aurata ke tarewa: ciki da falo a gidan haya, a bayan gari, maigida ya fita bayan asuba, sai bayan isha. Aikin da mata biyar ko shida ke rabawa ya dawo kan mace ɗaya, wadda sau da yawa tana da ciki ko wani sabon goyo. Abin da nake so mu tafi da shi ke nan: kulawar da gidan gandu ke bayarwa ba tare da an zauna an tsara ba, yanzu sai an tsara ta da gangan, kuma uwa ita kaɗai ba za ta iya ba.

Ba ina cewa jiya ta fi yau a komai ba ne. Gidan jiya ya binne yara da yawa, na yau ma bai daina ba. Binciken lafiya da yawan jama'a na Nijeriya na 2018 ya nuna cewa cikin kowane yara 1,000 da aka haifa da rai, 132 ba sa kaiwa shekara 5. Kusan rabinsu sun riga sun cika shekara guda kafin su rasu, wato sun tsallake jarirantaka, sai ajali ya same su a shekarun nan da muke magana a kai. Binciken ya kuma ce kashi 37 cikin 100 na yaran ƙasar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57.

Saboda haka bari in fara da kwano, kuma a nan zan fi daɗewa.

A yawancin gidajenmu, da safe a dama koko ko a ɗumama tuwo, a zuba wa yaran biyu a kwano ɗaya, a ce, "Ku je ku ci." Uwa ta juya ga wanke-wanke. Babban ya iya loma, ya san ya gutsura ya dangwala ya haɗiye. Ƙaramin yana ɗauka yana zubarwa, kaza ta gitta ya bi ta da kallo, kafin hankalinsa ya dawo kwano ya yi fes. Uwa ta zo ta ga kwano babu komai, ta ce alhamdu lillahi sun ƙoshi. Ba mugunta babban ya yi ba, yunwa yake ji shi ma. Amma idan aka yi haka safe da rana da dare, wata da watanni, ƙaramin zai rame a gidan da ba a rasa abinci ba. Maganin wannan ba ya cin ko kwabo: a raba musu kwano, babba ya zauna kusa da ƙaramin har ya gama, ya ga da idonsa nawa ya shiga ciki, nawa ya zube a tabarma.

Abin da cikin ɗan shekara biyu zai ɗauka a zama ɗaya bai wuce cikin kofi guda ba. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba shi abinci sau uku ko huɗu a rana, da ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu a tsakani. Shi ya sa kuma tsinkakken koko yake cutarsa: ya cika masa ciki da ruwa, ya yi shiru, alhali bai samu komai ba. Kunun yaro ya yi kaurin da in an karkata cokali ba zai zube nan take ba. A sa masa gyaɗa, ko garin waken suya, ko ɗan manja. Ga alale, ga awara, ga faten wake, ga zogale, ga busasshen kifi da za a daka a barbaɗa a miya. Ƙwai kuma, wanda a wasu gidaje har yanzu ake hana yaro wai zai koya masa sata, yana cikin mafi alherin abin da za a ba shi. Ina roƙon iyayenmu kakanni su taimaka a bar wannan magana, domin in kaka ta hana, suruka ba ta da bakin musu.

Yaye ma mu sake dubansa. Alƙur'ani mai girma ya ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa, likitoci ma a kan haka suka tsaya. Amma da zarar mace ta ga alamar ciki, sai a ce nononta ya gurɓace, a shafa maɗaci, a ɗauke yaro rana ɗaya. Nonon mai ciki ba guba ba ne. Gudawar da ake gani tana zuwa ne daga yanke nono farat ɗaya, da komawar yaro ga abinci da ruwan da ba a tsabtace ba, ga kuma ɓacin ran rabuwa da ke hana shi ci. A janye shi a hankali, a rage na rana kafin na dare, bayan ya saba da kwano. Idan gudawa ta zo, a ba shi ruwan gishiri da sukari na cikin ƙunshi, da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14, kuma kada a daina ba shi abinci.

Akwai wani ɗan zare mai launi uku da ake auna damtsen yaro da shi. Idan ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ta yi tsanani. A gundumar Mirriya ta jihar Damagaram a Nijar, tsakanin 2013 da 2014, ƙungiyar ALIMA ta koya wa iyaye mata, waɗanda da yawansu ba su yi boko ba, su riƙa awon da kansu a gida. Aka samu awonsu bai gaza na ma'aikatan lafiya ba, kuma yaran da suka kawo sun zo da wuri, kafin ciwo ya kai ga kwanciya asibiti. Ku tambayi wannan zare a asibitin unguwarku, ku nemi a nuna muku.

Sai tsakar gida. Duniyar ɗan shekara biyu daga gwiwar babba ce zuwa ƙasa, kuma ina ba kowane maigida shawara ya durƙusa a tsakar gidansa sau ɗaya ya dubi abin da ke wannan tsayin. Zai ga bokitin wanki da aka bari da ruwa. Kan yaro yana da nauyi idan aka kwatanta da jikinsa, in ya leƙa ya faɗa ba zai iya ɗagowa ba, kuma ba a jin ihunsa. Zai ga rijiya ba murfi, tukunyar ruwan zafi a gefen murhu, kananzir ko fiya-fiya a cikin robar lemo. Idan yaro ya sha kananzir, kada a ɗura masa manja ko madara don ya yi amai, domin aman ne ke kai shi huhu. A nufi asibiti kawai. Abin da ya faru a Zamfara a 2010 ya isa ya nuna mana yadda ƙasar tsakar gida ke shiga cikin yaro. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum an riƙa daka duwatsun zinariya a cikin gidaje, ƙurar dalma ta bi ƙasa, yara sama da 400 suka rasu, mafi yawansu 'yan ƙasa da shekara 5, domin su ne ke zama a ƙasa suna kai hannu baki. Duk mai sana'ar da yake dawowa da ƙura ko maiko a jikinsa, mai gyaran batir, mai fenti, mai haƙar ma'adinai, ya sauya tufafi ya wanke hannu kafin ya ɗauki ɗansa. Kwallin dutse da muke rambaɗa wa yara ma sau da yawa dalma ce a cikinsa.

Yanzu bari in juya ga babban, wanda nake ganin an fi zalunta ba tare da an sani ba.

Ranar da aka haifi ƙaninsa aka naɗa shi babba, alhali shekararsa biyu. Tun daga nan abin da yake ji ke nan: "Kai ba babba ba ne? Bar masa." "Ke ce yaya, riƙe mini shi in sauke tukunya." "Me kika yi masa yake kuka?" Ƙaramin ya fizge abin wasansa, a ce ya haƙura. Ya rama, a dake shi. Sai a wayi gari yaron da ya daina fitsarin kwance ya dawo yi, ko ya koma maganar jarirai, ko ya nace sai an goya shi. Mu kuma mu ce iskanci ne ya ƙaru. Ba iskanci ba ne. Ya lura cewa a gidan nan ƙanƙanta ce ke jawo hannun uwa, shi ne yake neman ya koma ƙarami.

Koya wa yaro tausayin ƙaninsa abu ne mai kyau, kuma yana cikin abin da ya riƙe zumuncinmu. Ya miƙo zani, ya kawo fo, ya yi wa ƙaninsa wasa uwa na kallo, a sa masa albarka. Amma ɗan shekara huɗu ba mai reno ba ne. Ba a bar masa ƙani a tafi kasuwa ko maƙwabta, ba a bar su su biyu kusa da wuta ko ruwa. Ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke sa mutum ya hango haɗari ya kuma danne zuciyarsa bai nuna ba a wannan shekaru. Idan tsautsayi ya faru, an ɗora masa nauyin da zai girma da shi, alhali laifin ba nasa ba ne.

Yana kuma da haƙƙin samun uwarsa shi kaɗai, ko na ɗan lokaci ne. Idan ƙaramin ya yi barcin rana, maimakon a kore shi waje don kada ya tashe shi, a ce, "Yaya, zo ki zauna kusa da ni, taya ni tsince shinkafa, ba ni labarin abin da kuka yi a gidan Inna." Wata rana kuma, in ƙaramin ne da laifi, a faɗa a gaban babban: "A'a, wannan na yayanka ne, mayar masa." Yaron da ya ga ana yi masa adalci ba ya riƙe ƙaninsa a zuci.

Na san za a ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Haka ne, amma tanƙwarawa aka ce, da hannu biyu, a hankali. Ɗan shekara biyu da ya kwanta a ƙasa yana birgima don an hana shi wuƙa ba raini yake yi ba. Abin da ke ransa ya fi kalmomin bakinsa yawa. A ɗauke wuƙar, a ɗauke shi daga wurin, a bar shi ya huce, kada kuma a mayar masa da ita don ya yi shiru. Duka yana tsayar da shi yau, gobe ya sake, sai dai ya koyi yi a ɓoye. Mu daina kuma cewa, "Zan kai ka a yi maka allura," domin da bakinmu muke sa shi tsoron ma'aikacin da zai cece shi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, yana gajarta salla idan ya ji kukan yaro don tausayin uwarsa, kuma ya sumbaci Hasan a gaban Aƙra'u bin Habis, wanda ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, Manzo bai yaba masa a kan haka ba. Umarnin salla ma sai a shekara bakwai ya zo. Ina hujjarmu ta tsananta wa ɗan shekara uku?

Maganar waya ba zan tsawaita ba, kowa ya san halin da ake ciki. Uwa na girki, yara biyu na jan zaninta, ta miƙa musu waya, gida ya yi tsit. Ba na ganin laifinta, hannu take nema ba ta samu ba. Amma ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ta ce kada a zaunar da ɗan ƙasa da shekara 2 gaban allon waya ko talabijin, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Dalili shi ne harshe daga bakin mutum ake ɗaukarsa. A 2003 Patricia Kuhl ta Jami'ar Washington a Amurka ta sa masu jin Sinanci su riƙa yi wa jarirai 'yan wata 9 wasa da hira. Jariran suka koyi bambance sautukan harshen. Waɗanda aka nuna wa mutanen nan a bidiyo ba su koyi komai ba.

Wani binciken ya fi wannan taɓa ni. A birnin Kingston na ƙasar Jamaika, daga 1986, Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka ɗauki yara 129 da suka tsumbure, 'ya'yan talakawa. Wasu daga cikinsu aka riƙa aika ma'aikaciya gidansu sau ɗaya a mako har shekara biyu, tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta, da kayan wasan da aka haɗa daga tarkacen gida. Bayan shekara 20 aka bi sawunsu, aka tarar abin da suke samu a sana'a ya fi na sauran da kusan kashi 25 cikin 100. Abin da aka koya wa matan Kingston muna da shi tun kaka da kakanni: tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi bayan isha, kacici-kacici, 'yar tsana ta kara, motar langa-langa, girkin ƙasa a gwangwani. Uwa na yanka kuɓewa tana cewa, "Wannan mene ne? Ƙirga mini su," makaranta ce take yi. Kuma a yi ta da Hausa, ko Fulatanci, ko Kanuri, harshen da uwa ta fi sakewa a ciki. Yaron da ya ƙoshi da harshen gida ba ya shan wuyar ɗora wani a kai. Idan kuwa ya cika shekara biyu bai fara haɗa kalma biyu ba, kamar "ba ni" ko "Baba tafi", ko kunnensa na zubar da ruwa, a kai a duba jinsa, kada a tsaya ana cewa gado ne, babansa ma bai yi magana da wuri ba.

Iyayena maza, saura ku. Duk abin da na lissafa, raba kwano, zama har a gama ci, sa ido a kan bokiti, hira, tatsuniya, lokaci yake ci, kuma matar da ta tashi tun asuba ta kwana tana jijjiga mai zazzaɓi ba ta da sauran lokaci. Idan kun ji ta fara yawan tsawa, ko ta yi shiru ba ta son magana, ko tana kuka ba dalili, kada ku ce ta canza hali. Gajiya ce, wani lokacin kuma ciwon damuwa ne da ake magani a asibiti. Kawo cefane wajibi ne, amma bai sauke sauran ba. Ka ɗauki babban ka tafi da shi masallaci ko shago na awa guda. Ka ci abinci da ƙaramin a gefenka. Alkunyar ɗan fari al'ada ce da na san tana da masu riƙo da ita, amma a ɗakin da babu kaka babu gwaggo, in uba ya kau da kai, babu wanda zai maye gurbinsa. Ku kuma zauna da iyalinku ku yi maganar tazara: likitoci na ba da shawarar a bar aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin wani cikin, kusan daidai da muddar shayarwa, domin kwanika uwa take ci, ta ci na baya, ta ci na ciki.

Katin rigakafi ma ku riƙa dubawa da kanku. Da yawa ana tsayawa a allurar wata 9, alhali akwai ta ƙyanda ta biyu a wata 15, da ɗigon bitamin A duk wata shida har shekara 5. Da damina, tun bayan shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2012, ana bi gida-gida a ƙasashen Sahel ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, wata-wata. Na ranar farko a gaban ma'aikaci ake sha, na kwana biyun da suka rage a hannunku ake bari, kuma nan ne ake yawan mantawa. Ku tambaya da dare: an ba su na yau?

Abu na ƙarshe da nake roƙo, ku yi shi yau in kun koma gida. Ku ba matanku izini tun yanzu, izini mai ɗorewa, cewa idan yaro ya kasa sha, ko yana amayar da duk abin da ya ci, ko yana jijjiga, ko numfashinsa na sauri awazunsa na shiga ciki, ko barci ya yi masa nauyi ba ya farkawa sosai, ta ɗauke shi ta tafi asibiti ba sai ta same ku a waya ba, ba sai an ce haƙori ne a jira gobe ba. Ku ajiye kuɗin mota a wuri sananne da ba a taɓawa don cefane. Ku kuma yi magana da maƙwabciya ɗaya amintacciya wadda za a miƙa wa ɗayan yaron a irin wannan rana, domin uwa ba za ta iya gudu da biyu ba.

Nan zan dakata, a ba iyayenmu mata dama su fara tambaya.